Kujerar Direban Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cire Ta da Gyara Ta

Waɗannan tambayoyi ne da masu jiragen faiba da direbobinsu suka sha yi mini, wasu a bakin ruwa, wasu ta waya, har na ga gara in tara su wuri ɗaya. Maganar ta shafi jirgi mai sitiyari, irin masu gudun nan da ake gani a tafkin Kainji da Lokoja da Legas, inda direba yake zama kan kujera mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure a daɓen jirgi. Shi babban kwale-kwalen katako da direbansa ke zama a baya riƙe da hannun inji, benci gare shi, kafinta ya ishe shi. Duk da haka abin da zan faɗa kan ruɓewar katako da irin ƙarfen da ya dace da ruwa zai amfane shi.

Oga, kujerata ɗan girgiza kawai take yi. Lallai sai na cire ta?

A yau ɗin nan ka duba ta, kada ka jira gobe. Direban jirgi hannunsa ɗaya yana kan sitiyari, ɗayan yana kan libar mai, ba shi da bel, jirgin kuma ba shi da birki. In kujera ta fizge lokacin da ya hau igiyar ruwa da gudu, jikinsa zai tafi gefe, hannunsa ya ja sitiyarin ya tafi da shi, jirgi ya juya farat ɗaya da mutane a ciki. Shi ya sa ba na ɗaukar girgizar kujerar direba a matsayin maganar jin daɗin zama. Maganar tuƙi ce.

Wata damina wani direba ya kawo mini jirgi ya ce in ɗan ɗaure masa sukurori, sauri yake yi. Na dafa bayan kujerar da hannu ɗaya na tura, sai ga ta ta taso gaba ɗaya da faifanta, sukurori shida suna reto, kowanne da baƙin katako jiƙaƙƙe a zarensa, ruwa mai kalar shayi yana tsattsafowa daga ramukan. Da safiyar ranar ya ƙetare da fasinjoji a kanta. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ta yaya zan gane inda matsalar take?

Kujerar hawa huɗu ce. Akwai ita kujerar da ake zama. A ƙarƙashinta akwai farantin da ke juya ta, wani lokaci haɗe da layin da ke matsar da ita gaba da baya. Sai ƙafa, wato bututun alminiyum. Sai faifan gindi da ke manne da daɓe. Ka sa wani mai jiki ya zauna ya riƙa jingina gaba da baya da gefe, kai kuma ka durƙusa da tocila kana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. In motsin tsakanin kujera da faranti yake, katakon cikin kujerar ne ya ruɓe. In a wuyan ƙafa yake, galibi robar da ke cikin wuyan ce ta cinye, ko hannun ɗaurewa ya saki, wannan gyara ne mai sauƙi. In kuwa ka ga bakin faifan gindi yana ɗagawa, ko daɓen da kansa yana lotsawa kamar ana taka katifa, to aiki ya same ka, kuma a nan ne mafi yawan matsalar take ɓuya.

Me zan yi kafin in ɗauki sifana?

Ka cire kan batir, ka fara da waya baƙa. Ka buɗe duk murafan jirgin iska ta shiga, sannan ka sunkuya ka sansana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, can ƙasan cikin jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya daga injin huda ya ishe shi. In ka ji ƙaurin mai, kada ka kunna komai sai ka gano inda yake fitowa. A jirage da yawa tankin mai a ƙarƙashin daɓe yake, wani lokacin daidai ƙasan kujerar direba, tare da tiyo da wayoyi, don haka sai ka san abin da ke ƙasa kafin ka huda.

Ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka yi wa faifan da daɓen alama da maka don ka san ina ne gaba. Ka ajiye gwangwani na zuba notuna. In da hali a jawo jirgin kan tudu, don notin da ya faɗa ruwa ya tafi ke nan.

Ta ina ake fara kwancewa?

Daga sama zuwa ƙasa. Ka sassauta hannun ɗaurewa, ka ɗaga kujerar da farantinta daga kan ƙafa, ka kife ta a kan tabarma. Za ka ga notuna huɗu da suka riƙe faranti, a jere murabba'i, tsakaninsu yawanci inci biyar da kwata. In akwai layin matsarwa, ka tura shi gaba ka kwance biyu, ka mayar da shi baya ka kwance sauran biyun.

Ga wani abu da ke ɓata wa mutane aiki: kujerun da aka ƙera a Amurka awon inci ne da su. Notin kwata inci sifana 7/16 yake so. In ka sa masa lamba 12 za ta zame ta murje kan, lamba 10 kuma ba za ta shiga ba. Na Turai da na Asiya awon milimita ne da su, galibi lamba 10 da 13. Ka gwada sifana ta zauna daram kafin ka murɗa da ƙarfi.

Noti yana ta juyawa amma ya ƙi fita. Me ya faru?

A cikin katakon kujerar, ƙarƙashin soso, akwai wani noti mai faffaɗan kai da haƙora huɗu da aka kafa a jikin katako. Shi ne ke riƙe zaren. In katako ya ruɓe, haƙoran ba su da abin kamawa, sai ya riƙa juyawa tare da wanda kake murɗawa. Da farko ka cusa sukudireba mai faɗi tsakanin faranti da kujera, kana bankarawa a hankali kana kwancewa, wani lokaci matsin yakan sa haƙoran su ɗan kama. In bai yi ba, ka cire fil-fil ɗin da suka riƙe ledar ta ƙasa, ka yaye soso, ka damƙe notin da filaya mai kullewa. In tsatsa ta haɗe su sun zama ɗaya, ka zura ruwan zarton ƙarfe tsakani ka yanke. Kada ka ji asara, ko da ma ba za ka mayar da su ba.

Sukurorin faifan gindi sun kafe, ga wani farin gari a kewayensu. Mene ne shi?

Alminiyum ne ya cinye ya zama gari. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi a tsakaninsu, ɗaya yakan ci ɗaya, kamar yadda ake yi a cikin batir. Tsakanin sitenles, wato ƙarfe marar tsatsa, da alminiyum, alminiyum ne ke shan wahala. Garin yana kumbura ya cika ramin ya shaƙe sukurun. A ruwan gishiri irin na Legas da Fatakwal abin ya fi sauri, a ruwan daɗi irin na Kwara da Binuwai yakan ɗauki lokaci, amma yana zuwa.

Maganinsa haƙuri. Ka kankare garin da burushin waya, ka fesa man sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, ka sake fesawa. Ka kafa sukudireban da ya cika kan sukurun, ka ɗan buga masa guduma sau biyu ko uku don garin ya farfashe, sannan ka murɗa kaɗan ta hanyar ɗaurewa kafin ka juyo ta kwancewa. Akwai sukudireban da ake bugawa da guduma yana murɗawa da kansa, masu gyaran babur sun san shi sarai, ka aro. Tafasasshen ruwa ma yana taimakawa, domin alminiyum ya fi ƙarfen sukurun buɗewa in ya ji zafi. Wuta kam a'a, ko ta gas ko ta walda: faiba tana ci, ga mai a kusa. In duk sun gagara, ka huda kan sukurun har ya fita, ka ɗaga faifan, sannan ka kama ragowar da filaya.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Ƙafar da ke hawa da sauka da liba, irin ta kujerar ofis, akwai iskar gas a matse a cikinta. Ba a huda ta, ba a gasa ta, ba a yanka ta. In ta lalace sai dai a sauya.

Na kwance duka amma faifan ya ƙi ɗaguwa.

Gam ne ya riƙe shi. Kada ka sa ƙarfen bankara taya, zai ɓantare fuskar faibar. Ka zura siririyar waya ko igiyar fatsa mai ƙarfi a ƙarƙashin faifan, ka ɗaura kowane baki a guntun itace, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai yanka sabulu. Kana yi kana cusa 'yan tsinken katako don kada ya koma. In gam mai suna 3M 5200 aka sa, za ka sha gumi, don shi an yi shi ne domin abin da ba za a sake rabawa ba.

Ta yaya zan san ko daɓen ya ruɓe, kuma yaya ake gyara shi?

Daɓen yawancin jiragen nan kamar sanwici yake: faiba a sama, faiba a ƙasa, katakon filawud a tsakiya. Faibar ba ta ruɓewa, amma duk ramin da aka huda ba a toshe shi da kyau ba, ƙofa ce ga ruwa. Ruwan sama, ruwan wanke jirgi, ruwan ƙafar fasinja, duk suna bin zaren sukuru su shiga katakon, kuma in sun shiga ba su da hanyar fita. Girgizar kujera tana ƙara faɗaɗa ramin, ramin yana ƙara shan ruwa. Daga sama daɓe yana sheƙi, cikinsa kuwa ya zama dusa.

Ka ɗauki ƙotar sukudireba ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a dushe, kamar ka bugi kabewa. Sannan ka lanƙwasa bakin ƙusa ka zura a ramukan ka yaƙuto. Fari ko ruwan ƙasa mai haske kuma busasshe, lafiya. Baƙi mai laushi da wari, ya tafi.

In ɓarnar ba ta wuce kewayen ramuka ba, ga yadda nake yi. Ramin noti mai milimita 6 sai in buɗa shi zuwa 12, faibar sama da katako kawai, in bar ta ƙasa in da hali. In yaƙuce duk katako mai laushi da lanƙwasasshiyar ƙusar nan, in bar wurin a rana kwanaki har ya bushe ƙarau. A nan rani da iskar hunturu abokan aikinmu ne, da damina kuwa sai an yi rumfa an ƙara haƙuri, don efoksi, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu ya daskare, ba ya kama jiƙaƙƙen katako. In toshe ƙasan ramin da salatif, in shafe cikinsa da efoksi mai ruwa-ruwa katako ya sha, sannan in cika da wanda aka kaurara da garin faiba. In ya daskare sai in sake huda milimita 6 a tsakiyarsa. Yanzu noti yana ratsa efoksi ne, ko ruwa ya biyo shi ba zai taɓa katako ba. Wannan ɗan aikin shi ne ya raba gyaran shekara ɗaya da na shekaru da yawa.

Ka kula, efoksi yana saurin kamawa a zafi. A watan Maris da Afrilu, in ka dama da yawa a kofi, zai yi zafi ya daskare kafin ka gama rami biyu. Ka dama kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa, ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwanin ba tare da ƙari ko ragi ba. Ɗan gam ɗin nan mai kamawa cikin minti biyar ba na wannan aikin ba ne.

In kuwa laushin ya kai faɗin tafin hannu biyu ko fiye, sai an yanke faibar sama, an kwashe ruɓaɓɓen katako har a kai ga mai lafiya, a dasa sabo da efoksi, a goge bakin tsohuwar faibar ya yi gangare, a shimfiɗa sabuwa hawa-hawa. Wanda bai taɓa aikin faiba ba ya nemi mai yi, ya tsaya a kansa ya ga an kwashe ruɓar duka. Ƙurar faiba kuma tana cin fata da huhu, a rufe hanci da ido.

Ba zan iya sa manyan sukurori kawai ba, ko in juya faifan in huda sababbin ramuka?

Babban sukuru a ruɓaɓɓen katako gyaran gangar Auzinawa ne. Zai yi kamar ya kama, bayan sati biyu ya saki, ramin kuma ya fi na da girma. Juya faifan yana yiwuwa in katakon wurin lafiyayye ne, da sharaɗin ka cike tsofaffin ramukan da efoksi. In ka bar su a buɗe a ƙarƙashin faifai, ka ƙara wa ruwa ƙofofi shida.

Sukuru ya fi ko noti mai ratsawa?

Mai ratsawa, nesa ba kusa ba. Ƙafar kujera doguwa ce, in mutum ya jingina, ƙarfin da ke fizgar bakin faifan ya ninka nauyinsa. Sukuru zarensa kaɗai ya dogara da shi. Noti mai ratsawa kuwa, in ka sa masa farantin alminiyum mai kaurin milimita 5 ko 6 ta ƙasa, wanda ya ɗan fi faifan faɗi, sai dai daɓen gaba ɗaya ya taso. In hannu ba ya kaiwa ƙasa, ana yanka ƙaramar ƙofa zagayayya kusa da wurin a sa mata murfin roba mai murɗawa da ake sayarwa don haka, mai inci 4 ko 6. Bayan ta taimaka maka ɗaure noti, za ta zame maka tagar leƙa cikin jirgi.

Wane irin noti zan saya?

Sitenles. Ka duba kan notin: A2 shi ne sitenles mai lamba 304, ya isa a ruwan daɗi. A4 shi ne 316, shi ake so a ruwan gishiri. Notin mota da mai ruwan zaiba za su yi tsatsa cikin damina ɗaya su zubar da jan ruwa a daɓe. Ka tafi kasuwa da maganaɗisu: in ya cafke notin da ƙarfi, ajiye musu kayansu. Na gaske ko dai bai kama ba sam, ko ya ɗan ja kaɗan. Ka haɗa da washa da noti mai roba a ciki wanda girgizar inji ba ta kwance shi.

Inda sitenles zai taɓa alminiyum, ka shafa man hana ƙarfe biyu cin juna, irin Tef-Gel ko Duralac, in babu ko giris ɗin ruwa ya fi babu. Kuma ka ɗaure da hannu a hankali. Sitenles in aka murɗa shi da inji da sauri yakan yi zafi zaren ya cije, ba gaba ba baya.

Katakon cikin kujerar ya ruɓe. In sayi sabuwa ko in gyara?

In siffar kujerar tana nan, gyara ta. Ka cire ledar a hankali ba tare da ka yaga ba, ita ce ma'aunin sabuwa. Ka ɗora tsohon katakon a kan sabo ka zana, har da ramukan. Filawud na ruwa ake so, mai hatimin BS 1088 in ka samu, da kauri daidai da na da. Na silin da na kabad gam ɗinsu ba ya jure ruwa, sai ka ga sun buɗe falle-falle. Ka goge kusurwoyi da samfefa don kada su huda leda, ka huda ramuka uku ko huɗu a tsakiya don iska da ruwa su sami mafita, ka shafe shi da efoksi hawa biyu, musamman bakin-bakin, don ta nan filawud ke shan ruwa. Sannan ka kafa sababbin notuna masu haƙora, na sitenles, ka gwada farantin a kai kafin a rufe. Na sha ganin an gama ɗinki tsaf, sai a tarar rami ɗaya ya kauce.

Mai ɗinkin kushin mota zai iya yi mini ledar?

Zai iya, hannunsu yana da kyau. Sai dai kayan da ya saba da su na cikin mota ne, inda ba ruwan sama ba rana kai tsaye, don haka kai za ka kai masa kaya ko ka faɗa masa abin da kake so. Leda ta jirgin ruwa, mai jure rana. Zare na foliyesta mai kauri, don na auduga ruɓewa yake, na nailan kuma rana tana cinye shi. Fil na sitenles, wannan kada ka yi sassauci a kansa, na baƙin ƙarfe su ne ke fara sakin leda. Soson katifa yana shan ruwa ya riƙe kamar tsumma. In ba ka sami mai manyan ƙofofi da ruwa ke ratsawa ba, a naɗe soson da siririyar leda ta sama da gefe, a bar ƙasan yana numfashi.

Ka zaɓi fara ko mai haske. Baƙar leda a ranar Yawuri ba ta zaunuwa. Wajen ja kuma, a shanya ledar a rana ta yi laushi, a fara kama tsakiyar kowane gefe, a bi zuwa kusurwa.

Wane gam zan sa a ƙarƙashin faifan? Silikon ya yi?

Ba na son silikon a nan. Ba ya daɗewa yake saki, kuma yana barin maiƙon da ke hana wani gam kamawa daga baya. Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun fi, suna toshe ruwa kuma ana iya raba su in buƙata ta taso. Ka wanke daɓen da faifan da asiton, ka ɗan fafe bakin kowane rami ya yi kamar mazurari don gam ya taru ya zagaye notin, ka shafa a ƙarƙashin faifan da wuyan kowane noti. Wajen ɗaurewa, wani ya riƙe kan notin ta sama kada ya juya, kai ka murɗa na ƙasa, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan kamar ɗaurin tayar mota. Gam ya ɗan fito ta ko'ina a kewaye, shi ne shaidar ya cika.

Faifan ya tsage. A kai wa mai walda?

Yawancin faifan nan alminiyum ne na zubi, kuma wanda ya tsage ya riga ya gaji, ga cin farin gari a jikinsa. Ko an like nan, gefe zai buɗe. Sauya shi. Ka auna kaurin bututun kafin ka tafi, don iri biyu ne suka fi yawa, mai milimita 60 da mai 73, kuma ba sa shiga wa juna.

Na ga kujerar gwanjo mai kyau da araha. Me zan duba?

Ka kife ta ka danna katakon da babban yatsa, ka sansana soson. Sannan ka nemi tambarin da ke jikin ƙafar ko farantin. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage, ta raba kujeru a ƙa'idarta H-31: ajin A ana zama a kai a kowane gudu, ajin B kuwa sai jirgi na tafiyar da ba ta wuce mil 5 a awa ba, wato wajen kilomita 8. Ajin B kujerar zaman kamun kifi ce, doguwa siririya, kada ka kafa ta gaban sitiyari. Ta direba dole ta kasance da makullin da ke shiga rami ya hana ta juyawa. Kujerar ofis da ta mota kuma a bar su inda aka yi su domin su, cikinsu baƙin ƙarfe ne.

Na mayar da komai. Ta yaya zan tabbatar aikin ya yi?

Ka bar gam ɗin ya kama iya kwanakin da aka rubuta a jikinsa. Sannan ka zauna ka duba: ƙafafunka suna taka daɓe sosai, hannunka yana kai wa liba ba tare da miƙa ba, igiyar kashe inji tana kai wa jikinka, kuma kana hango gaba ko lokacin da hancin jirgi ya ɗaga wajen tashi. Ka sa mutum biyu su jijjiga kujerar iya ƙarfinsu kana kallon bakin faifan. Fitar farko ka yi ta ba fasinja, da rigar kariya daga nutsewa a jikinka, ka fara a hankali, ka yi kwana hagu da dama kafin ka ƙara mai. In ka dawo ka sake bin notunan da sifana, ka kuma bi su bayan sati guda, don sabon soso da sabon katako sukan ɗan zauna. Daga nan sai ka ɗinka mata riga ta tamfol mai buɗaɗɗen ƙasa, ka riƙa rufe ta duk lokacin da jirgi ke ɗaure a gaɓa.